Daminar da Na Dusashe Hoto

Ni ba mai saurin yanke hukunci ba ce. Ko gishirin miya sai na ɗanɗana, na sake ɗanɗanawa, sannan in nemi wani ya taɓa ya faɗa mini. A jami'a ma, a Damagaram, malamai sun sha ce mini amsata daidai ce amma na lulluɓe ta da "watakila" har ba a ganin ta. Duk da wannan hali nawa, akwai abu ɗaya da na yi wanda ban sa masa watakila ba, kuma har yau ban sa ba. Na rage kyan hoton akwatin kallon da yayana ya kawo gidanmu, da gangan, na bar shi yana hawa bishiya yana neman laifin rezo, wato sabis ɗin waya.

Sai na fara da Inna, don ba za a gane ba sai da ita.

Tun rasuwar mahaifinmu mu biyu ne a gidan nan na Matameye, ni da ita. Yayana, wanda shi ne ɗanta na fari, cin rani ya kai shi Kano kamar sauran mazan unguwa, amma shi ya dace. Ya samu rumfa a kasuwa, ya kama haya, ya kwashe matarsa da ƴaƴansa can. Da damina kaɗai yake dawowa ya noma gonarmu ta hanyar Dawce, in an ɗaure gero ya koma. Ni kuwa na gama lisans, wato digirin farko, na dawo gida, ina koyarwa da kwantiragi a wata makaranta ta cikin gari, ina jiran aikin da ban san ranar zuwansa ba.

Ɗakin Inna shi ne majalisar matan layinmu. In an yi la'asar sai su fara shigowa ɗaya bayan ɗaya, wata da ɗinkin hula, wata da gyaɗar ɓara a faranti. Muna da tsohuwar tele mai ƙaton ƙeya, da finafinan da ake zuba mana a kati a bakin tasha. Hoton ba abin yabo ba ne, amma ba shi ake zuwa kallo ba. Inna ake zuwa ji. Tana zaune bakin ƙofa a kan buzun mahaifinmu, ita ce alƙaliya. Mutum bai gama buɗe baki a fim ba za ta ce, "Wannan maƙaryaci ne, ku ji yadda yake jan sallama." Kuma sai ya fito maƙaryacin. Ban da wannan, a ƙuruciyarta ita ke yi wa amaren unguwa lalle, kuma ba a kai lefe sai an kawo ta duba ta ce wannan atamfa ce, wannan kuma kwaikwayo. Saboda haka in magana ta zo kan tufa ko ado, wurinta ake juyawa.

Da bazarar shekarar da abin ya faru na fara lura. Ta miƙa hannu za ta ɗauki buta sai ta kama iska. Ta zuba fura, rabi a kofi rabi a tabarma, ta ce kofin ne ya karkace. Na ci tsakuwa a shinkafar da ta tsince, abin da bai taɓa faruwa ba tun da na yi wayo. Na daɗe ina juya abin a raina kafin in yi magana, don ina tsoron kada in zama na ƙirƙiro ciwo a inda babu. Ranar da na tambaye ta ba ta musa ba. Muka shiga mota zuwa Damagaram da sunan za mu barkar haihuwa, muka je barkar kuwa, sannan muka wuce asibiti.

Likitan ya daɗe yana haska idon. Ya faɗi sunan ciwon da Faransanci, ya ce jijiyar gani ce take mutuwa a hankali, abin da ya tafi ba ya dawowa, amma maganin ɗigawa zai iya jinkirta sauran. Na tambaye shi ko a wani babban gari za a iya yin abin da ya fi haka. Ya ce a ganinsa a'a. Na sake tambaya ta wata hanya, ya sake ba ni amsar. Abin da ya rage mata a lokacin, yadda ta kwatanta mini, haske ne da inuwa da manyan launuka, kamar mai kallon duniya ta cikin mayafi.

A motar dawowa, da muka kusa gida, Inna ta matso kusa da ni. Ta kama gefen hijabina ta ce, "Kada wancan ya ji."

Wancan shi ne yayana. Inna irin matan da ne masu kunyar ɗan fari. Ba ta kama sunansa, ba ta kallonsa ido da ido, in tana son ya yi abu sai ta faɗa wa wani a gabansa. Amma ba kunyar ce kawai ba. Kowace shekara in zai koma sai ya tayar da maganar ta bi shi Kano, kowace shekara ta ƙi, kawunmu kuma, ƙanen mahaifinmu, ya ce a bar ta tunda lafiyarta lau. In aka ji ido ya taɓu, wannan hujja ta faɗi.

"Zai ɗauke ni kamar buhun gero," ta ce. "Ya aza ni a saman bene, ba akuya, ba maƙwabciya, sai in zauna ina jiran a riƙe mini hannu a kai ni bayan gida. Ki ba ni daminar nan kawai. Ina so in haddace gidana tun da sauran haske."

Na ce to. Ban san yadda to ɗin za ta yi nauyi ba.

Yaya ya iso da ruwan farko, da kwali biyu a bayan mota. Ɗaya sabuwar tele ce shafal kamar allo. Ɗayan kuma ɗan akwati ne baƙi, bai fi sabulun wanki girma ba, wanda ake maƙala wa telen ya riƙa jawo finafinai daga intanet, tare da wata ƴar na'ura mai cin layin waya da ke kamo masa rezo, da doguwar lasifika kamar muciya. Shi rimot yake cewa, mu telekomand muke cewa, ya miƙo mini ya ce, "Malama, rubutun ciki na turawa ne. Ke da kika yi karatu, sai ki saita mana."

Ba zan rage wa abin daraja ba, don ya kai a yaba. Ranar da aka kunna, matan suka zuba wa telen ido. Ana ganin zufa a goshin mutum. Ana ganin zaren aikin wuyan riga ɗaya bayan ɗaya. Hajiya maƙwabciyarmu, mai sayar da atamfa, wadda ba ta iya ganin abu ta haɗiye, ta dafa ƙirji ta ce, "La ilaha illallahu! Ashe wannan yarinya ƙuraje gare ta? Duk shekarun nan hoda ce take cutar mu?" Aka fashe da dariya. Yaya yana tsaye bakin ƙofa yana murmushi. Ya ce, ba da Inna kai tsaye ba, da bangon da ke kusa da ita, "Akwai tashar da ke nuna Makka a kowane lokaci. A nan za a ga ɗawafi kamar ana wurin." Inna ta ce da ni, "Ki ce masa Allah ya yi albarka." Don ita ya sayo, wannan ban taɓa shakkarsa ba.

Matsalar ta fito tun a makon farko. Hoto mai kyau irin wannan yana son rezo mai ƙarfi, rezon garinmu kuwa da damina kamar jakin haya yake, in ya ga dama ya tafi, in hadari ya haɗo ya tsaya. Ana cikin kallo sai komai ya daskare. Mutum ya buɗe baki zai ce "na sake ki" ko "na yafe miki", ba wanda ya san wanne, sai wani farin zobe ya fito tsakiyar fuskarsa yana juyawa. Murya ta yanke. A nan ne haɗarin yake, don in murya ta yanke ba abin da ya rage a ɗakin sai hoto, ga shi tsaye cak, garau, yana jiran a yi masa sharhi.

"Inna, wannan leshi ne ko kuwa?"

"Inna, dubi ɗaurin ɗankwalin nan, irin na wace shekara ne?"

Da farko ta kuɓuce. Ta ce, "Ku bar ni da zancen tsumma, ni abin da zai fito bakinsa nake jira." Wata rana ta ce kanta ke ciwo. Wata rana kuma Hajiya ta nuna wata mata a gefen dama ta ce kamar ƙanwar mijinta, na ga Inna ta kafa ido a gefen hagu, inda ba kowa sai labule, tana gyaɗa kai. Ban san ko wata ta lura ba.

Ga kuma doguwar lasifikar. An yi ta ne don kiɗa ya girgiza ƙirji, kuma tana girgizawa, har kwanukan jere na kan kabad suna amsawa. Amma maganar mutane sai ta nutse a ƙarƙashin dum-dum. Mai ido yana cike gurbin da kallon baki da hannu. Inna ba ta da abin cikewa. Ta fara rasa zaren labari. Alƙaliyar majalisa ta koma tana tambaya a hankali, "Wa ya shigo?" Daga baya ta daina tambayar ma. Hajiya ta ce, "Inna, sabon abu ya rufe miki baki ne?" Ta ce tsufa ne.

Na ɗauki kwanaki ina tunanin abin yi. Na yi tunanin in ɓoye telekomand, na ga za a samo. Na yi tunanin in ce majalisa ta watse, na ga wannan shi zai fi jawo tambaya. Wata safiya, Yaya ya tafi gona da masu noma, na zauna na bi saitin akwatin layi-layi, yadda nake bin takardar jarrabawa. Na tarar da wurin da ake zaɓar kyan hoto, daga mafi kyau zuwa mafi muni. Na tarar da wurin da ake rage kiɗa a fito da murya. Na rage kiɗan. Hannuna ya daɗe a kan ɗaya zaɓin kafin in danna mafi muni.

Da la'asar fuskoki suka fito kamar zanen alli da yayyafi ya taɓa. Ana gane mace, ana gane namiji, ana gane ja da kore. Amma leshi da shadda sun zama abu ɗaya, ƙurajen yarinyar nan sun koma inda suka fito. Hajiya ta ce, "Kai, yau an shafa wa telen koko ne?" Aka yi ƴan ƙorafe-ƙorafe. Sai dai zoben nan bai fito ba ko sau ɗaya, don hoto maras nauyi ko rezon damina yana iya ɗaukarsa. Magana ta riƙa zuwa a jere, ba yankewa, kowace kalma tas. Ba a jima ba aka manta da kokon, aka shiga labari. Can sai na ji muryar da na yi kewa daga bakin ƙofa: "Wannan kukan na ƙarya ne. Mai kukan gaskiya ba ya jan numfashi a tsakiya don a ji shi." Aka ce, "Inna ta dawo!"

Abin da na gane ranar shi ne ban iya ƙara mata gani ba, amma na iya rage na kowa ya zo kusa da nata. In duk ɗaki kunne ake kasawa, ba wadda ta kai ta.

Yaya ya dawo daga gona gab da magariba ya leƙo, ya tsaya. "Malama, me ya samu abin nan?"

Ina so in faɗi daidai abin da na ce, don na auna shi kafin in faɗa. Ban ce rezo ne ya dusashe hoton ba. Na ce, "Yaya, rezo ba shi da ƙarfi da damina." Wannan gaskiya ce. Na san yadda zai ɗauke ta, ban kuma gyara masa ba. Ko malamai za su kira wannan ƙarya, ban sani ba, ban kuma je na tambaya ba.

Daga nan ya shiga yaƙi da rezo. Ya ɗaure ƴar na'urar a kan doguwar gora ya jingina da katanga. Ya naɗe ta a leda ya hau bishiyar bedin tsakar gida ya rataye ta a reshe, yana kira daga sama, "Yanzu fa? Ya washe?" ni kuma ina ƙasa ina cewa, "Yana nan yadda yake." Ya sauya layi. Ya ce layin Najeriya ya fi, har ya ɗauki na'urar a babur ya nufi wajen Ɗan Barto, bakin iyaka, don ya gwada ko za ta kamo na tsallake. Ya kira wanda ya sayar masa a Kano ya yi masa tatas, wai ya ba shi jabu. Wannan ya dame ni ƙwarai, don bawan Allah bai yi komai ba. Kuma ranar da na ga ƙafar Yaya ta zame a reshe ya rungumi bishiyar, na buɗe baki zan faɗa. Sai na hangi Inna a ƙofar madafa, ta rufe ido, tana bin bango da yatsu. Na rufe bakina.

Haka take yi kowace safiya in ya fita. Ta rufe ido ruf ta taso daga gado zuwa randa, daga randa zuwa madafa, daga madafa zuwa turken awaki, zuwa bayan gida, zuwa zaure. Ta hana ni kawar da komai daga mazauninsa, ko turmi ko tsintsiya. Ta koyi sanin cikar kofi da sautin ruwa, da nunar tuwo da nauyin muciya. Ta yi karo da turmi har ƙaurinta ya kumbura, ta ce in an tambaya akuya ce. Ta ƙone a yatsa, ta sa gishiri ta ci gaba. Ni ina biye da ita a baya, hannuna a miƙe, tana cewa, "Janye hannunki, ba ke za ki zauna da ni har abada ba."

Gero ya fara fitar da kai lokacin da asiri ya tonu, nawa dai, ba nata ba. Wani abokin Yaya da suke cin rani tare, mai irin akwatin a can, ya zo gaisuwa wata Juma'a, ni kuma na tafi kai wa wata ƙawata ɗinki. Ya latsa nan ya latsa can ya ce ai wani ne ya rage. Da na dawo bayan la'asar na tarar ɗaki ya cika. Matan layi duk suna nan, kawu ma yana zaune kan kujera a bakin ƙofa, don Yaya ya kira shi ya ga abin da ya daɗe yana ba shi labari. Hoto garau kamar ranar farko. Telekomand a hannun Yaya. Ya dube ni, na san ya sani.

Na zauna a gefe ina addu'a rezo ya riƙe. Bai riƙe ba. Fim ɗin ya kai wurin biki, aka nuno hannun amarya ya cika telen, sai zoben ya fito. Lalle baƙi da ja, kowane layi a fili.

Hajiya ta ja gefen zanen Inna. "Yauwa, ga gwanar lalle. Inna, wannan zanen na Barebari ne ko na yaran yanzu? Ni na ce na Barebari ne, wannan ta ce a'a. Raba mu."

"A matsa mata ta zo kusa ta gani da kyau," in ji Yaya, yana magana da iska yadda ya saba. "Ai don ita aka kawo."

Mata suka buɗa hanya. Kowa ya juyo. Na ga Inna ta dafa ƙasa za ta tashi, fuskarta tana neman inda hasken yake.

Ban tuna na yanke shawara ba. Na dai ga kaina tsaye gaban yayana, wanda ya girme ni nesa, wanda ya biya mini kuɗin mota duk shekarun jami'a, na zare telekomand daga hannunsa a gaban kawu. Na shiga saitin a gaban kowa na danna mafi muni. Hannun amarya ya narke ya zama jan gajimare, zoben ya ɓace, fim ya ci gaba, amma ba mai sauraro.

"Ashe ke ce," in ji Yaya.

"Ni ce."

"Kina kallona ina hawa bishiya kamar biri?"

"Ina kallo, Yaya. Ban ji daɗi ba."

"Ba ki ji daɗi ba! To me ya sa?"

"Ba na son tsayawar nan da yake yi."

"Ba kya so? Da kuɗinki aka saya? Wannan shi ne lisans ɗin? An kai ki Damagaram ki koyo ɓata kayan mutane?"

Hajiya ta ce, "Oh ni, ƴar nan, ashe duk kokon nan ke kike dama mana." Ba wadda ta yi dariya.

Kawu ya gyara zama. Mutum ne mai sanyi, bai son hayaniya. Ya ce, "Ke, ba wa yayanki haƙuri, ki mayar masa da abinsa yadda yake."

Na durƙusa na ce, "Kawu, na ba shi haƙuri a kan karɓar abu daga hannunsa, wannan rashin kunya ne, na sani. A kan hoton kuwa ban ba shi ba. In aka mayar, muddin a ɗakin nan yake, zan sake ragewa."

Ni da ko ɗalibaina ba na iya tsawata wa sai na fara da "don Allah". Na san kalma ɗaya za ta wanke ni, tana nan a bakin harshena, kuma mai kalmar tana zaune bayana. Na jira in ji ko za ta sake ni. Sai Inna ta ce, da muryar faɗa sosai, "Wannan yarinya tun tana goye take da taurin kai. Ku bar ta da halinta. Ni dai duk kun hana ni jin abin da uwar ango ta ce." Ba wanda ya koma kan maganar lalle.

Washegari Yaya ya kwance tele da akwati da muciyarsa ya kai ɗakinsa na zaure, inda abokansa ke zuwa kallon ƙwallo suna zagin zoben tare. Muka fito da mai ƙaton ƙeya muka share mata ƙura. Wasu matan suka rage zuwa, wai an mayar da su baya. A layi aka ce hassada ce, wai na yi boko ban samu komai ba, shi bai yi ba ya samu. Na ji, har a bakin famfo na ji. Sauran daminar tsakanina da Yaya sai ina kwana da sannu da aiki. In na kai masa tuwo ya ce in ajiye. Wannan ya fi zagin ciwo, kuma ba zan ce bai da gaskiyarsa ba, gwargwadon abin da ya sani.

Da aka ɗaure gero ya tayar da maganar Kano kamar kullum. Inna ta ƙi kamar kullum. Kawu ya ce a bar ta, mace tana tashi da kanta tana girkinta. Ya mayar da kayansa cikin kwalayensu ya tafi da su.

Hasken ya ci gaba da raguwa duk da maganin. Kafin wata damina ta zagayo, ko fitilar waya aka haska mata sai ta ce kamar dai akwai wani abu. Matan majalisa sun gane a hankali, kowace ta yi kamar ba ta gane ba, har Hajiya, wadda na yi zaton ba za ta iya ba. Amma zuwa lokacin Inna tana yawo a gidan nan ba ta taɓa bango.

Ranar da Yaya ya dawo, ta hana ni tashi. Ita ta shimfiɗa masa tabarma a inuwar bedi. Ta je randa ta ɗebo ruwa, ta zagaye turmi, ta ajiye kofin a gabansa ba ɗigo. Ta koma madafa ta kawo tuwo da miyar kuka. Sai da ta ji ya wanke hannu, sannan ta zauna nesa kaɗan, ta juya masa gefe, ta ce da ni:

"Ki gaya wa wancan idona ya tafi. Ki gaya masa tun bara ne. Ki gaya masa ruwan da ya sha ni na ɗebo, tuwon da ya ci ni na tuƙa, awakin can ni nake kwance su in ɗaure su. Ba inda za ni."

Yana zaune tsakaninmu, ya ji komai, amma na maimaita masa kalma-kalma, don haka ta ce in yi.

Idon Yaya ya yi ja. Bai yarda nan take ba. Ya kira kawu, aka yi ta magana kwana da kwanaki. Ya dage sai an kai ta wurin likita a Kano, ta yarda da sharaɗin zuwa da dawowa, ni a gefenta, aka je aka dawo da magana irin ta Damagaram. Kawu ya zo ya wuni a gidan yana kallonta tana kai da kawowa, daga ƙarshe ya ce shi bai ga abin da za a ɗauka a nan ba.

A zaure Yaya ya tare ni, mu biyu.

"Da an kai ta tun bara fa?"

"Watakila," na ce. "Na tambayi likita ya ce a'a, na can ma ka ji abin da ya ce. Amma ni ba likita ba ce, ba zan rantse maka ba."

"Da kin faɗa mini. Ni ma ɗanta ne."

"Sirrin ba nawa ba ne, Yaya, balle in ba ka."

"In da za a sake, haka za ki yi?"

Na nemi watakila a bakina ban samu ba. Na ce, "Haka zan yi."

Ya kalle ni kamar zai ƙara magana. Sai muryar Inna ta taso daga tsakar gida, tana cewa in gaya wa wancan ya kawar da babur ɗinsa daga hanyar randa, ba nan ne mazauninsa ba. Ya tashi ya je ya kawar.